Idan Tirela Ta Hau Kwalta: Abin da Doka Ke Nema Daga Mai Ja

Lacca ga manoman rani, masu tarakta, direbobi da masunta na yankin Kura da Bunkure



Shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, masu tarakta da direbobinsu, masu walda da kanikawa, sarakunan ruwa da masunta da suka taso tun daga bakin Tiga da Ruwan Kanya, iyayenmu mata masu turara shinkafa, 'yan'uwana manoma, barkanmu da zuwa.

An ba ni magana a kan abin da doka ta tanada ga wanda zai ja tirela a titin gwamnati. Ba babbar tirelar da ke tasowa daga Legas kaɗai nake nufi ba. Ina nufin duk wani abu mai taya wanda ba shi da injin kansa, sai an maƙala shi a bayan tarakta ko mota: bodin da muke loda shanshera, keken da ke ɗauke da injin ban ruwa ko injin casa, da kuma wanda ake ɗora jirgin ruwa a kai za a kai shi dam. Na karɓi maganar hannu bibbiyu, domin a yankin nan kusan duk abin da muke ci, sai an jawo shi a bayan wani abu kafin ya iso gida.

Dattawan da ke zaune a nan sun san lokacin da ba haka lamarin yake ba. Kafin gwamnatin Audu Bako ta kammala dam ɗin Tiga a 1974, jaki da amalanke sun ishi mai gona, don abin da ake girbewa a damina ɗaya bai fi ƙarfinsu ba. Da ruwa ya fara gangarowa ta kanal, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka tsara shayar da hekta kusan 22,000 a kashin farko na aikin, sai noma ya canja kama. Alkama ta zo, tumatir ya zo, shinkafa ta mamaye ko'ina, Kura ta zama garin casa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar da 'yan Kudu ke kwana a cikinta. Kaya suka yi nauyi, injuna suka yawaita. Amma tsakiyar wannan arziki babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa, ta Karfi da Kura da Ciromawa, ga kuma reshen da ya nufi Bunkure da Rano. Gonar mutum tana wannan ɓangare, gidansa ko injin da zai kai wa casa yana wancan. Dole ya hau kwalta. Tun da aka sake gina babbar hanyar kuwa, motoci sun ƙara gudu, tarakta tana nan da tafiyarta ta da.

Abin da na zo in faɗa yau ɗaya ne. A kan burjin gona, tirelarka kayan aikinka ce. Da zarar tayarta ta taɓa kwalta, ta zama abin hawa a idon doka, kuma duk wanda ke bayanka yana da haƙƙi a kanta.

Dokar da ke magana a nan ba ɓoyayya ba ce. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988. Dokar da take aiki da ita ta 2007 ce, kuma a ƙarƙashinta aka fitar da ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na ƙasa a 2012. A jiha muna da jami'an VIO masu duba lafiyar abin hawa, muna da KAROTA, ga 'yan sanda. Inda ƙa'idojin nan suka yi maganar rajista, sun ambaci tirela tare da mota. Ke nan bodin da mai walda ya haɗa maka a bakin kasuwa, ya ɗora shi a kan gatarin tsohuwar mota, idan zai riƙa hawa titi ana son a san da zamansa, a duba shi, ya kasance da lamba a bayansa wadda na baya zai iya karantawa. Ba na ƙin bodin gida. Masu waldarmu gwanaye ne, kuma su ne suka riƙe noman nan lokacin da na waje ya gagari talaka. Abin da nake ƙi shi ne a ce ba wanda ya taɓa duba shi tun ranar da ya bar gareji.

Lasisi ma aji-aji ne, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ajin A na babur ne. Ajin B na ƙaramar motar gida ne wadda ba ta kai tan 3 ba. Injunan noma da tarakta ajinsu F. Manyan motoci masu kai da jela, ajinsu G. Ajin D kuwa, an cire motar da ke jan tirela daga cikinsa. Saboda haka wanda ya ce ai yana da lasisi, a tambaye shi na wane aji. Kuma ba a ba wa wanda bai kai shekara 18 ba kowane iri. Na san yaranmu suna koyon tarakta tun suna ƙanana, wani ɗan shekara 14 ya fi babba iya huɗa. Ya yi huɗarsa a gona, Allah ya yi masa albarka. Amma Alhaji mai tarakta, kada ka miƙa masa makulli ya tsallaka hanyar Zariya da tan 4 a bayansa. Ƙafarsa ba ta gama kai wa birki ba, idonsa kuma bai san yadda ake auna gudun motar da ke tahowa ba.

Yanzu bari in daɗe a kan fitila, don nan ne rai ya fi salwanta.

Ku tsaya bakin hanya bayan magariba a lokacin girbi, ku kalli abin da ke fitowa daga gonaki. Tarakta tana da fitilarta ta gaba, wani lokaci guda ɗaya. Jar fitilarta ta baya, idan ma tana aiki, buhuna sun rufe ta. Bodin kansa ba waya ko ɗaya a jikinsa. Fentinsa ya daɗe da komawa launin ƙasa. Ga hazon hunturu, ga hayaƙin ƙaiƙayin da ake ƙonawa ya kwanta a kan titi. Wanda ke tahowa daga baya ba abin da yake gani sai duhu, kuma a cikin duhun nan akwai ƙarfe.

Mu yi lissafi tare. Doka ta yarda ƙaramar mota ta yi kilomita 100 a awa a kan babbar hanya mai hannu biyu. Tarakta da lodi, a ce tana yin 25. Bambancin 75 ne, wato motar tana cin tazarar da ke tsakaninku da kamar mita 21 a kowace daƙiƙa. Fitilar mota idan an sauke ta, kamar yadda ake yi in wani na zuwa ta gaba, abin da take haskawa bai wuce mita 50 ko kusa da haka ba. Ke nan daga lokacin da direba ya hango bodinka zuwa lokacin da zai iso shi, bai kai daƙiƙa 3 ba. Kafin ido ya gaya wa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta gaya wa ƙafa, daƙiƙa ɗaya ta tafi, wani lokaci fiye. Abin da ya rage ba ya isar birki ko da sabo ne. Kuma bakin bodin tarakta yana daidai gilashin ƙaramar mota, daidai fuskar na gaba. Wannan direba ba maye ya yi ba, ba kuma ganganci ya yi ba. Wataƙila malamin makaranta ne zai koma Tudun Wada da iyalinsa.

Shi ya sa doka ta nemi jar fitila a baya, da fitilar birki, da sigina, da abin da ke mayar da haske. Yarjejeniyar hanya ta duniya da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968, wadda Nijeriya ta shiga a 2018, ta ce kowace tirela ta ɗauki jajayen madubai masu kusurwa uku guda biyu a bayanta, don na baya ya gane tun daga nesa cewa abin da ke gabansa ja ake yi. A Amurka, inda manoma suka sha irin wannan baƙin ciki, tun farkon shekarun 1960 masu bincike a jami'ar jihar Ohayo suka ƙirƙiro wata alama mai kusurwa uku, ruwan lemo da jan baki, ana manna ta a bayan duk abin da ba ya wuce kilomita 40 a awa. Har yau ita ce a bayan taraktocinsu. Mu a nan, tef ɗin nan mai ƙyalli ja da fari ko rawaya da ake manna wa manyan motoci yana nan a kasuwar kayan mota. Kuɗin da zai zagaye bodi ɗaya bai kai na buhun shanshera ba. A manna shi baya da gefe biyu, don mai tsallaka titi gefensa yake ba wa mota. A kuma riƙa goge shi, domin tef ɗin da laka ta rufe daidai yake da babu.

Daga fitila sai mahaɗa. Ku je bayan kowace tarakta ku sunkuya ku duba abin da ya riƙe bodin. Sau da yawa za ku tarar ainihin ƙusar da kamfani ya yi ta ɓata tun bara, an yanko guntun rodin gini an zura, an lanƙwasa kansa da guduma. A ƙasa, inda ya kamata a sa ɗan makullin da ke hana ta tsalle, ko waya ce aka naɗa ko ba komai. Ramin da ƙusar ke shiga ya cinye, ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai, shi ya sa kuke jin ƙarar ƙwal-ƙwal duk lokacin da aka taka birki ko aka tashi. Rodin gini ba a yi shi don wannan fizga ba. Ranar da zai karye ba zai yi sallama ba, kuma bodin da ya kuɓuce a kan gangara ba shi da sitiyari, ba shi da birki, inda ya ga dama nan zai nufa, ko cikin masu sayar da rake ne.

Maganin wannan tsoho ne: sarƙa ta biyu. A ɗaura sarƙa mai kauri daga dogon hannun bodin zuwa jikin tarakta ko mota, guda biyu, a gicciya su ta ƙarƙashin hannun, yadda in ƙusa ta fita hannun zai faɗa kan sarƙa maimakon ya caki kwalta. Yarjejeniyar da na ambata ta nemi babbar tirela ta kasance da birkin da zai kama da kansa idan mahaɗa ta tsinke, ƙarama kuma ta kasance da irin wannan ɗauri na biyu. A Ingila, duk tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkin kanta. Ku auna wannan da namu. Buhu 40 masu kilo 100 tan 4 ke nan, ban da nauyin ƙarfen bodin, duk a kan birkin tarakta wanda tayoyin baya kaɗai yake kamawa. Idan nauyin baya ya rinjayi na gaba, ba kai ke jan tirela ba, ita ke tura ka, sai ta naɗe ku wuri ɗaya. Duk wanda zai sa a haɗa masa sabon bodi daga yau, ya ce wa mai walda da bakanike yana son birki a jiki.

Gudu ba zan daɗe a kansa ba. Littafin ƙa'idojin hanya ya ba tanka da tirela kilomita 45 a cikin gari, 50 a hanyar bayan gari, 60 a babbar hanya mai hannu biyu. Motar da ke jan wata kuwa 45 ne ko'ina. Wanda ya maƙala keken inji ko na jirgi a bayan Hilux, waɗannan lambobi ya riƙe, ya manta da 100.

Sarakunan ruwa, Allah ya ja zamaninku, ga naku. Jirgi yana da wuyar sha'ani a kan titi, don an yi shi ne ya zauna a kan ruwa, inda kowane ɓangare na cikinsa ke samun abin jingina. Idan aka ɗora shi a kan ƙarafa biyu aka bi da shi ta ramuka, katako yana buɗewa a mahaɗinsa, na roba kuma yana tsagewa ta inda ido ba ya gani, sai an tura shi ruwa da mutane a ciki tsagar ta bayyana. A yi masa shimfiɗa da katako ko tsofaffin tayoyi tun daga kai har gindi. A ɗaure hancinsa a gaba, a ɗaure gindinsa, a kuma ratsa igiya ta tsakiya. A kwashe ruwan da ke ciki, don kowace lita kilo ɗaya ce, kuma ruwa yana gudu gaba da baya yana jijjiga mai ja. Injin jirgi a baya yake, nauyinsa yana ɗaga hannun tirela sama, abin da ke sa ta fara wutsil-wutsil da zarar an ɗan yi gudu. In zai ciru, a cire shi a sa a cikin mota. Ƙa'idar kowane lodi ita ce kashi mafi yawa, kamar 60 cikin 100, ya zauna gaban gatari. Kwale-kwale kuma kusan kullum ya fi abin da ke ɗauke da shi tsawo, saboda haka doka ta ce duk kayan da ya zarta baya a ɗaura masa jan ƙyalle da rana, da dare kuma jar fitila. In an tura tirela cikin ruwa don sauke jirgi, ruwa ya shiga boris ɗin taya ya wanke giris, a duba shi kafin a kama hanyar gida.

Inda kwalta ta ƙare, wata doka ta fara, ta Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa sama da mutum 20, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Lodin da ya wuce kima ne aka fi ambata a wannan musiba, kuma ciwon da ke damunmu a kan titi ke nan.

Wannan ya kawo ni kan mutanen da ke zama a saman kaya. Na san dalili. An tashi daga gona a gajiye, 'yan ƙwadago ba su da kuɗin adaidaita, mata masu tsinkar tumatir suna so su isa gida kafin isha'i, direba kuma yana jin nauyin ya wuce su. Tausayi ne, ban musa ba. Amma bodin tarakta ba shi da sifirin da ke shanye rami, ba shi da abin riƙewa, kuma wanda ya zamo ta gaba, tayar bodin ce ke bi ta kansa. Doka ba ta san tirela a matsayin motar fasinja ba. Mai gonar da ya ɗebo ma'aikata 20 da safe, kuɗin mayar da su gida yana cikin kuɗin aikin, ya lissafa shi tun farko yadda yake lissafa taki.

Haka batun bin hannun da ba naka ba. Tun da aka raba babbar hanya da kankare, wani sai ya ga wurin juyawa ya yi masa nisa, sai ya bi ta gefen masu tahowa, ya ce ai 'yar tafiya ce. Man da ya yi tattali bai kai lita ɗaya ba. Wannan laifi ne a doka, kuma na fi jin tsoronsa a kan duk abin da na lissafa, domin a nan gudun motar da naka haɗuwa suke yi, ba ragewa ba. In kuma abin hawa ya lalace, a yi iya ƙoƙari a sauke shi daga kwalta, a kafa alamar nan mai kusurwa uku da nisa a baya. Ganyen darbejiya da muke zubawa ba ya ƙyalli da dare. Duwatsun da aka tare taya da su, a kwashe kafin a tafi, don mai babur ne zai same su. Idan hatsari ya auku, lambar FRSC ita ce 122, kyauta ake kira.

Sai inshora, wadda da yawa ke ɗauka takardar nuna wa jami'i ce kawai. Amfaninta shi ne in ka yi wa wani ɓarna, akwai inda za a biya shi. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar ƙaramar motar gida Naira 15,000, ana biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Motocin kaya da injuna suna da nasu farashi. A saya a hannun kamfani mai rajista, ba a gindin bishiya ba, kuma a gaya musu ƙarara cewa abin hawan yana jan tirela, a rubuta.

Za ku tambaye ni tara. A jadawalin dokar 2007, rashin ɗaura jan ƙyalle Naira 3,000 ne, lodin wuce kima 10,000, laifin lasisi 10,000. A kuɗin yau wannan ba ya tsorata kowa, kuma ban zo in tsorata ku da shi ba. Malamanmu suna nan, sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, cewa kawar da cuta daga kanta ibada ce, kuma kisan kuskure yana da diyya da kaffara. Su za su fi ni bayanin matsayin wanda ya san bodinsa ba fitila, ya san ƙusarsa rodi ce, ya kuma hau titi da dare. Ina roƙon limamanmu su ɗauki wannan a huɗuba ɗaya kafin girbi.

Hukuma ma tana da nata. Ba adalci ba ne a nemi lasisin ajin F a hannun direban da ke Bunkure, alhali ba a taɓa kawo masa gwaji kusa ba. A zo nan, a ware ranaku a Kura da Bunkure da Garun Malam, a gwada direbobi, a duba bodi, a yi rajista a kan kuɗin da manomi zai iya. A kafa allunan gargaɗi a duk inda burjin kanal ya haɗu da kwalta. Jami'in da ya tsayar da tirela marar fitila kuma, ya karɓi na goro ya sake ta cikin duhu, ya sani yana da kaso a duk abin da ya faru a gaba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakanin yau da fara yankan shinkafa akwai lokacin da za a gyara komai. Ina roƙon kowace ƙungiyar masu amfani da ruwa ta ƙirga tarakta da bodin da ke aiki a sashenta, ta haɗa kuɗi ta sayo tef da sarƙa da ƙusa ta gaske a sari, ta sa rana ɗaya a tara su a fili, mai walda da mai wayarin suna wurin. Manomi kuma, kai ke biyan kuɗin haya, kai ke da iko: in tarakta ta zo ɗaukar kayanka, zagaya bayanta ka duba. In ba fitila, ba tef, ba sarƙa, ka ce a bari sai gari ya waye. Iyayenmu hakimai da dagatai, ku kira masu tarakta na ƙasarku a wannan makon, ku sa musu ranar.